MALAM AMINU KANO: SAURAYIN DA YA FARA FAƊIN GASKIYA A DANDALIN WASA

'Yan'uwa, duk wanda ya fito daga Unguwar Gano, ko Gyadi-Gyadi, ko Tarauni, ya hau titin Zariya, ba zai rasa ganin babban asibitin koyarwa da ke bakin hanya ba. An kafa shi a shekarar 1988, amma ba safai ake kiran cikakken sunansa ba. Mai adaidaita sahu da fasinjansa duka sun san shi da Asibitin Malam, ba kuwa mai tambaya wane malami ake nufi, ko da yake Kano gari ne na malamai masu yawa. Da yawa daga cikinmu mun kwana a can muna jinyar wani namu, waɗansu kuma a can aka haifi 'ya'yansu. Filin jirgin saman Kano ma sunan mutumin nan aka sa masa. Dattawanmu sun san shi ɗan siyasa ne, jagoran talakawa, shugaban NEPU da PRP. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, tun kafin a san shi a filin lacca, Malam Aminu Kano saurayi ne mai son wasan kwaikwayo, yana rubutawa, abokansa na makaranta suna fitowa su yi.

Muna da dalilin kawo labarinsa ta wannan fuska. Kowace shekara, in Kirsimeti ko Ista ta gabato, samari da 'yan mata na ikilisiyoyinmu sukan taru da yamma suna gwajin wasa. Wannan ya ari zanen uwarsa, wancan ya ɗaura gemun auduga. A gidaje da yawa kuwa hakan yakan jawo gunaguni. Uba ya ce ɓata lokaci ne, uwa ta ce 'yarta ba za ta tsaya gaban jama'a tana shiririta ba, wani kuma ya ce daga nan ne yaro yake barin karatu ya bi 'yan fim. Tsoron iyaye ba na banza ba ne. Amma kafin mu yanke hukunci, ya kamata mu duba rayuwar wani ɗan garin nan wanda ya bi ta wannan hanya, mu ga inda ta kai shi.

GIDAN MALAMAI A SUDAWA

An haifi Aminu ranar 9 ga Agusta, 1920, a unguwar Sudawa cikin birnin Kano. Mahaifinsa, Malam Yusufu, daga zuriyar Gyanawa yake, gidan da aka sani da ilimi da alƙalanci, shi kansa kuma muhuti ne a kotun alƙali. Mahaifiyarsa, Rakiya, ita ma mai karatu ce, a wurinta ya fara koyon Alƙur'ani. Ta rasu a 1926, yana ɗan shekara shida, sai kakarsa ta ci gaba da riƙonsa. Ya tashi Musulmi mai riƙo da addininsa, haka kuma ya zauna har ƙarshen ransa, har ya zama mai yin tafsiri a watan azumi.

Yana da shekara goma aka sa shi makarantar Shahuci, a 1933 kuma ya wuce Midil ta Kano. Tun a nan halinsa ya fara bayyana, gama yana cikin jagororin ɗaliban da suka yi bore saboda ƙarancin sabulu da rashin kyawun abinci da tsananin dokokin makaranta. A wancan zamani, da wuya a ji yaro ya ɗaga murya gaban na gaba da shi. Juma'ar da za ta yi kyau kuwa tun daga Laraba ake gane ta.

Gidan da ya tashi a ciki ya ba shi abin da ɗan wasa yake bukata tun bai sani ba. Ɗan ma'aikacin kotu yakan ga mutane iri iri a ƙofar gidansu: mai ƙara da wanda ake ƙara, attajiri da baƙauye, matar da aka ci wa gado, bafaden da ya zo da saƙon manya. Yaro mai lura yakan riƙe yadda kowannensu yake magana, da yadda yake zama, da yadda murya takan sauya in mai iko ya shigo.

GARIN DA YA SAN KWAIKWAYO

Kada mu ɗauka Turawa ne suka kawo kwaikwayo ƙasar Hausa. In azumi ya kai kwana goma, yaran Kano sukan bi gida gida da dare suna tashe, wani ya fito a tsoho mai gemu, wani a mai magani, ana dariya, amma kowane wasa da halin da yake zolaya. Akwai tashen gwauraye na Nalako, wanda ke tsokanar mazan da suka zauna ba aure. A ƙauyuka, bayan an kawar da amfanin gona, samari sukan yi kalankuwa, su naɗa sarkinsu da alƙalinsu da dogaransu, su yi mulki na 'yan kwanaki. A gidajen sarauta kuma akwai wasan gauta, inda matan gida suke kwaikwayon sarki da fadawansa, sarki yana kallo. 'Yan kama kuwa sana'arsu ke nan, su ɗauki salon karatun malamai su mai da shi abin dariya. Hausawa sun daɗe da sanin cewa akwai maganar da ba ta faɗuwa a zaure, amma in an sa mata rigar wasa sai ta wuce, shi ya sa suka ce da wasa ake faɗa wa wawa gaskiya.

Abin da makarantar boko ta ƙara shi ne rubutu da dandali. A 1936 Dokta R. M. East na hukumar talifi a Zariya ya fitar da littafin wasanni shida na Hausa domin makarantu. A shekarun nan ne kuma Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma ta fara fitowa a Janairun 1939. Watau Aminu ya balaga a daidai lokacin da Hausar boko take samun ƙafafunta, saurayi mai ƙwazo yana iya ganin cewa harshen uwarsa ma ya isa a rubuta abin kirki da shi.

WASANNIN ƊAN SHEKARA GOMA SHA TAKWAS

A 1937 ya sami shiga babbar kwalejin Arewa, wadda aka kafa a Katsina, aka mayar da ita Kaduna a 1938. Ita ce daga baya ta koma Zariya, ta zama Kwalejin Barewa. Yaran da ake ɗauka a can kaɗan ne ƙwarai, an kuma shirya su ne domin su zama malaman makaranta da ma'aikatan En'e, su yi biyayya, su gaji tsarin da suka tarar. A cikin wannan makaranta, tsakanin 1938 da 1939, Aminu ya fara rubuta wasannin kwaikwayo da Hausa.

Biyu daga ciki sun fi shahara. Na farko sunansa Kai Wane Ne A Kasuwar Kano Da Ba Za A Cuce Ka Ba. Wasan ya nuna yadda 'yan kasuwa marasa tausayi suke cutar mutanen ƙauye in sun shigo birni. Masu kallo ba su bukatar a yi musu bayani, gama kowa ya san labarin manomin da ya ɗauko kayansa a jaki tun asuba, dillali ya tare shi da fara'a, a karya masa farashi wajen saye, a tauye masa mudu wajen sayarwa, ya koma gida yana godiya bai san an yanke shi ba. Mu lura, marubucin ɗan birni ne, haifaffen cikin ganuwa. Da ya so, da baƙauyen zai mai da abin dariya, kamar yadda 'yan birni suka saba. Sai ya juya dariyar a kan mutanen garinsu.

Na biyu ya ɗauki sunansa daga karin maganar nan, Ƙarya Fure Take Ba Ta 'Ya'ya, ya taɓo nauyin harajin da aka ɗora wa talakawan karkara. Matasan yau ba su san haraji ba, saboda haka bari mu ɗan bayyana. Kowane baligi akan yanka masa kuɗin da zai biya a shekara, makiyayi kuma ya biya jangali bisa ga yawan shanunsa. Mai unguwa ya tara ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai Baitulmalin En'e. Da tsabar kuɗi ake biya, saboda haka dole manomi ya sayar da gyaɗarsa ko hatsinsa da kaka, lokacin da kaya ba su da daraja. A shekarun 1930 kuwa farashin gyaɗa ya faɗi ƙwarai a kasuwar duniya, haraji bai faɗi tare da shi ba. Wanda ya kasa biya yakan sha wulaƙanci da duka, wani ya tsere ya bar gonarsa. Wannan shi ne abin da yaro ɗan shekara goma sha takwas ya zaɓa ya kawo dandali, a makarantar da gwamnatin mulkin mallaka take ciyar da shi.

Bai tsaya nan ba. Daga 1939 zuwa 1941 ya rubuta gajerun wasanni wajen ashirin domin makarantu, yana zolayar al'adun da zamani ya wuce da kuma ayyukan En'e. Ba a buga wasannin nan littafi ba, amma masu tarihin adabin Hausa suna lissafa shi cikin na farko da suka rubuta wasan kwaikwayo da harshen. Waɗanda aka buga nasu, kamar Wasan Marafa na Abubakar Tunau da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, daga baya suka zo. Kafin ya bar kwaleji kuma ya rubuta wata ƙasida da Turanci wadda ta soki mulkin danniya na En'e ta Kano kai tsaye. Abin da ya fara faɗa cikin raha, ya soma faɗarsa ba raha.

ABIN DA DANDALI YAKE KOYARWA

A ganinmu, wasan kwaikwayo ya ba saurayin nan abubuwan da aji bai ba shi ba. Wanda zai rubuta maganar baƙauye, dole ya saurari baƙauye, ya shiga zuciyarsa, ya ji yadda tsoron dogari yake a cikin ciki. Wanda zai rubuta maganar dillali, dole ya gane dabarar cuta daga ciki. Sa'an nan dandali ba ya yi wa kowa kara. In maganarka ta yi tsawo ko ta yi nauyi, nan take za ka ga 'yan kallo suna hamma, dole ka koyi faɗin babbar magana da ƙananan kalmomi. Har wa yau, yaron da ya taɓa ganin abokinsa ya naɗa rawanin aro ya zauna a matsayin hakimi, kowa yana faɗuwa gabansa, ya fahimci wani asiri: rawani ƙyalle ne, mutum ne a ƙarƙashinsa, kwarjininsa kuma daga yardar masu durƙusawa yake fitowa.

Wani abin sha'awa shi ne, a shekarar da aka haifi Aminu, ranar 18 ga Mayu, 1920, an haifi wani yaro a garin Wadowice na ƙasar Polan, sunansa Karol Wojtyla. Shi ma ya rasa mahaifiyarsa yana ƙarami, a 1929. Shi ma wasan kwaikwayo ya fi so a makaranta. A 1940, sa'ad da Aminu yake rubuta wasanninsa a Kaduna, Karol yana birnin Krakow ƙarƙashin mamayar Jamus, yana rubuta wasanni a kan Ayuba da Irmiya. A 1941 shi da abokansa suka kafa ƙungiyar wasa ta ɓoye, suna yi a ɗakunan gidajen mutane, ba labule ba ado, sai kalma kawai, domin kada harshensu da tarihinsu su mutu. Wannan yaro shi ne Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, wanda dattawanmu suka je Kaduna suka gani a Fabrairun 1982. Samari biyu, addini dabam, ƙasa dabam, kowannensu yana ƙarƙashin mulkin baƙi, kowannensu kuma a dandalin wasa ya koyi tsayawa gaban jama'a.

BAUCHI, LANDAN DA MARU

Da ya gama kwaleji a 1942, aka tura shi koyarwa Midil ta Bauchi. Bai bar wasa a Kaduna ba, ya ci gaba da shirya wa ɗalibansa wasannin kwaikwayo, yana kuma jan su cikin muhawara da aikin sikawut. A Bauchi ya haɗu da Abubakar Tafawa Balewa, wanda shi ma malami ne a makarantar, ya kuma shaƙu da Malam Sa'adu Zungur, malami mawaƙi mai kaifin harshe, wanda ya yi tasiri a kansa ƙwarai. Tare suka yi Majalisar Taɗi ta Bauchi, inda ma'aikata da malamai suke zama da jami'an Turawa ana tattauna al'amuran ƙasa. Da tambayoyi suka fara taɓa ikon sarakuna da tsarin mulkin En'e, sai aka rufe majalisar.

A 1946 ya sami tafiya Ingila, ya yi shekara guda a sashen koyon aikin malanta na Jami'ar Landan. Ya ga ƙasar da ta ci yaƙi amma talakawanta suka kayar da Churchill a zaɓe, ya ga ma'aikaci yana tsayawa ya yi wa minista tambaya ba tare da ya cire takalmi ba. Bayan ya dawo, aka ba shi shugabancin makarantar horon malamai ta Maru a lardin Sakkwato, a 1948 kuma ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa.

A nan ne rayuwarsa ta zo mararraba. Yana da aiki mai albashi, yana da ilimin da 'yan Arewa ƙalilan ne suke da shi, ɗan gidan malamai ne, ƙofar manyan muƙamai a buɗe take gare shi. Da ya ga dama, da ya bar sukar zalunci ta tsaya a wasan makaranta, inda ake dariya a tafa a watse. A watan Nuwamba na 1950 ya ajiye aikin gwamnati ya koma Kano.

SA'AD DA WASA YA ZAMA GASKE

Wata uku kafin haka, ranar 8 ga Agusta, 1950, waɗansu samari takwas sun kafa jam'iyyar NEPU a Kano, cikinsu har da Abba Maikwaru, Bello Ijumu da Magaji Dambatta. Aminu ya shiga cikinsu, a 1953 ya zama shugaban jam'iyyar. Manufarta ita ce sawaba ga talaka: a daina aikin tilas, a daina cin zali wajen haraji, a gyara kotuna, talaka ya sami bakin magana a kan wanda yake mulkinsa. Watau abubuwan da ɗalibin Kaduna ya sa a bakin 'yan wasansa, su ne suka zama manufar jam'iyya.

Waɗanda suka halarci laccarsa sun shaida irin baiwar da yake da ita. Yana magana da Hausar da 'yar talla da ɗan dako za su gane, yana kawo labari da misali da karin magana, ya sa taro dariya, sa'an nan ya bar su da abin tunani. Tufafinsa ma magana ne. A zamanin da manya suke gasar manyan riguna masu aiki, shi farar riga mara ado yake sawa da jar hula. Ya san abin da ɗan wasa ya sani, cewa ido yana riga kunne ji. Babban burinsa kuwa shi ne talaka ya koyi cewa a'a in an zo masa da zalunci.

Amma a wannan dandali dukan na gaske ne. An ɗaure magoya bayan NEPU a gidajen yarin En'e, an yi musu bulala a bainar jama'a, an kori waɗansu daga garuruwansu, 'yan banga sun far wa tarurrukansu. Hajiya Gambo Sawaba, shugabar matan jam'iyyar, an kulle ta sau da yawa. A zaɓen 1951 NEPU ta yi rawar gani a matakin farko a Kano, amma tsarin zaɓe mai hawa hawa ya tace 'yan takararta har ba wanda ya kai majalisa. Aminu kansa ya sha faɗuwa zaɓe kafin ya shiga Majalisar Wakilai ta Tarayya a 1959, ya kuma rasa kujerar a 1964. Duk da haka bai yarda a rama da makami ba, hanyar lumana ya riƙe.

Bai kuma ɗauki talaka a matsayin Bahaushe ko Musulmi kaɗai ba. NEPU ta yi ƙawance da NCNC ta Dokta Azikiwe, daga baya kuma ta haɗa kai da jam'iyyar UMBC ta Joseph Tarka, wadda take magana da yawun ƙananan ƙabilun tsakiyar ƙasa. Yawancinmu da iyayenmu suka zo Kano daga kudancin Kaduna, ko Filato, ko Binuwai, ko gabashin ƙasa, ya kamata mu san wannan. Ya kuma dage a kan ilimin mata da 'yancinsu na jefa ƙuri'a tun lokacin da faɗin haka yake jawo zagi a Arewa. Matan Arewa ba su sami wannan dama ba sai a 1976.

FUREN DA YA BA DA 'YA'YA

A gwamnatin Janar Yakubu Gowon ya riƙe kwamishinan tarayya na sadarwa daga 1967, sa'an nan na lafiya daga 1971 zuwa 1974. Bai bar alƙalami ba: ya rubuta Motsi Ya Fi Zama a kan tafiye-tafiyensa, ya kuma rubuta tarihin abokinsa Sa'adu Zungur, wanda ya rasu tun 1958. Da sojoji suka ɗage takunkumin siyasa a 1978, ya kafa PRP, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1979. Alhaji Shehu Shagari, wanda shi ma tsohon ɗalibin Kwalejin Kaduna ne, shi ya ci zaɓen. Aminu ya sami ƙuri'a fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai, jihar Kano kuma ta bi shi da babban rinjaye. Jam'iyyarsa ta kafa gwamnati a jihohi biyu, Abubakar Rimi a Kano, Balarabe Musa a Kaduna.

Cikin ayyukan farko da gwamnonin nan biyu suka yi a 1979 akwai soke haraji da jangali. Mu tsaya mu ƙirga. Daga wasan ɗalibin nan a kan haraji zuwa ranar da aka soke shi, shekara arba'in ke nan. Yaran da suka zauna suna dariya a Kaduna sun yi furfura kafin abin ya tabbata. Ƙarya ce take fure ba 'ya'ya, gaskiya kuwa ko ta daɗe takan nuna.

Ba mu ce rayuwarsa ba ta da ɗaci ko kuskure ba. Tun 1980 PRP ta rabu biyu, 'yan santsi suka bi gwamnoni, 'yan taɓo suka tsaya tare da Malam, aka yi ta jifan juna da maganganu masu zafi tsakanin uba da 'ya'yan da ya rena. Waɗansu almajiransa sun zarge shi da sassauci ga gwamnatin tarayya, shi kuma ya ga sun yi masa rashin biyayya. Da wannan baƙin ciki ya ƙarasa kwanakinsa. Duk da haka ya sake shirin takara a 1983, ya kuma zaɓi mace, Uwargida Bola Ogunbo, ta zama mataimakiyarsa. Bai kai ga zaɓen ba. Ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, yana da shekara 62, aka binne shi a gidansa na Gwammaja. Mutumin da ya yi shekara bakwai yana kwamishinan tarayya bai bar wata dukiyar a zo a gani ba. Gidan nasa, wanda ake kira Mambayya, yana hannun Jami'ar Bayero, an mai da shi cibiyar nazarin dimokuraɗiyya.

GA IYAYE DA MATASA

Kano ba ta daina wasan kwaikwayo ba bayansa. Ƙungiyoyin samari na unguwanni sun ci gaba da yi, gidan talabijin da gwamnatin Rimi ta kafa ya ba su fili, ɗaya daga cikinsu kuma, Tumbin Giwa, ita ta yi fim ɗin Turmin Danya a 1990, wanda daga shi sana'ar finafinan Hausa ta tashi. Yaranmu sun buɗe ido sun tarar da wannan, ga kuma waya a hannun kowa. Sha'awar fitowa gaban jama'a tana nan a zukatansu, hana ta ba zai kashe ta ba. Abin tambaya shi ne me za a yi da ita.

Ga iyaye muna cewa, in ɗanku ko 'yarku ta nemi izinin zuwa gwajin wasa, kada amsar farko ta zama tsawa. Ku tambayi wane ne yake lura da su, ƙarfe nawa za a tashi, wane labari za a nuna. Ku sa sharaɗi cewa karatu ba zai sha wuya ba, gama Aminu bai bar aji domin dandali ba, ya gama kwalejinsa ya zama malami. Ranar wasa kuma ku je ku zauna a gaba ku kalla. Mai yiwuwa yaron da ba ya iya haɗa ido da baƙo a gida, a can za ku ji muryarsa karo na farko.

Ga matasa kuma muna cewa, sa mutane dariya ba wuya, duba dai wanda kuke sa a yi wa dariyar. Sau da yawa a wasanninmu baƙauye ne wawa, ko mai in'ina, ko tsohuwa, ko wanda Hausarsa ba ta nuna ba, ko mutumin wata ƙabila ko wani addini. Saurayin Sudawa ya tsaya ne a gefen wanda aka cuta, ya bar dariya ta faɗa kan macuci, ko da macucin ɗan garinsu ne. Ku buɗe ido a kasuwar Tarauni, da layin asibiti, da tashar Unguwa Uku, da cikin gidajenmu, za ku ga labaran da suke jiran mai nuna su: mudun da aka tauye, yarinyar da aka cire daga makaranta, ɗan aikin da aka hana hakkinsa. Ku kuma tuna cewa wanda ya nuna gaskiya a dandali, wata rana rayuwa za ta tambaye shi ko da gaske yake. Malam Aminu ya ba da tasa amsar a Nuwamban 1950, ya kuma riƙe ta shekara talatin da biyu.

In mun sake wucewa ta gaban Asibitin Malam, mu tuna da ɗalibin nan da alƙalaminsa. Allah ya ba iyaye haƙuri da basira, ya ba 'ya'yanmu baki mai faɗin gaskiya da zuciyar da za ta tsaya a kanta. Amin.